Kuɗin Raya Ƙasa: Abin Da Ya Iso Katagum Da Abin Da Ya Maƙale A Hanya

Duk direban da ya taɓa ɗauko shanu, ko wake, ko riɗi daga ƙasar Katagum zuwa Ikko ko Badun ya san hanyar Kano zuwa Maiduguri kamar tafin hannunsa. A shekarar 2006 Gwamnatin Tarayya, a zamanin Cif Olusegun Obasanjo, ta ba da kwangilar mayar da wannan hanya mai tsawon fiye da kilomita 500 ta zama tagwaye, aka raba aikin kashi biyar. Kashi biyun da suka haɗu a Azare, watau daga Shuwarin zuwa Azare da kuma daga Azare zuwa Potiskum, ba a yi bikin buɗe su ba sai a ƙarshen shekarar 2021. Shekara 15 ke nan. Sa'an nan a watan Agusta na 2024 ambaliya ta yanke wani sashe na hanyar a cikin ƙaramar hukumar Katagum, manyan motoci suka yi cirko-cirko, kaya suka yi ta jiran hanya.

Masu zuwa ganin gida da Sallah sukan dawo da labari iri biyu. Wasu su ce Azare ta zama birni, ga jami'a, ga babban asibitin Tarayya, ga kwalta shimfiɗe. Wasu kuwa su ce ƙauyukan bakin kogi suna nan yadda aka bar su, da damina ruwa ya ci gona, da rani samari su hau mota su nufo Kudu. Dukkansu gaskiya suka faɗa, kuma bayanin abin yana cikin kasafin kuɗin gwamnati na shekara 50 da suka wuce.

Kasafin kuɗi gida biyu ne. Akwai kuɗin ayyukan yau da kullum, watau albashi, da fansho, da man motocin ofis, da biyan bashi. Akwai kuma kuɗin manyan ayyuka, waɗanda ake gina hanya, da gada, da madatsar ruwa, da makaranta da su. Gida na farko kamar cefanen yau ne, na biyu kuwa kamar irin shuka ne da manomi yake ɓoyewa a rumbu. In yunwa ta matsa, irin ake fara taɓawa, domin ba ya kuka. Ma'aikaci in ba a biya shi ba ya yi yajin aiki, mai bin bashi ya kai ƙara, amma gadar da ba a gina ba ba ta da bakin magana.

Tun kafin man fetur, ƙasar Katagum ba ta cika samun rabo mai tsoka ba. Turawa sun mayar da hedkwatar masarautar daga tsohon garin Katagum zuwa Azare a 1916, shi ya sa yau Azare ce hedkwatar ƙaramar hukumar Katagum, garin Katagum kuwa shi ne hedkwatar ƙaramar hukumar Zaki, abin da yakan rikita baƙo. A wancan zamani babban aikin gwamnati shi ne hanyar jirgin ƙasa. Layin Kano zuwa Nguru da aka gama a 1930 ya bi ta arewa. Layin Barno, wanda aka gina daga 1958 zuwa 1964 da taimakon rancen dala miliyan 28, rancen farko da Bankin Duniya ya ba Nijeriya, ya bi ta kudu, ta Bauci da Gombe. Azare ta zauna a tsakiya babu tasha, gyaɗarta sai a mota. Abin da aka gina a garin a lokacin yawancinsa daga baitulmalin En'e ya fito, daga haraji da jangali. Kuɗi ne kaɗan, amma kowa ya san inda suka fito, ya kuma san wanda zai tuhuma.

Tsarin raya ƙasa na farko bayan samun mulkin kai, na 1962 zuwa 1968, ya ba da ƙarfinsa ga madatsar Kainji, da matatar mai ta Fatakwal, da gadar Anacha. Yaƙin basasa ya katse shi. Alƙaluman Babban Bankin Nijeriya sun nuna cewa a 1970 Gwamnatin Tarayya ta kashe abin da ya ɗan haura Naira miliyan 900 gaba ɗaya, kuma kashi ɗaya cikin biyar ne kawai ya tafi ga manyan ayyuka.

Sai mai ya yi daraja. Gangar ɗanyen mai da ake sayarwa dala 3 a 1973 ta kai kusan dala 12 a 1974. Janar Yakubu Gowon ya ƙaddamar da tsarin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, a kan Naira miliyan dubu 30, daga baya aka ɗaga shi ya haura miliyan dubu 43. Tsarin da ya gabace shi bai fi miliyan dubu 3 da ɗoriya ba. Dattawan Agege da Idi-Araba ba su manta da 1975 ba, shekarar da aka biya Udoji, kuma shekarar da jiragen ruwa fiye da 400 maƙare da siminti suka toshe tashar Apapa, simintin yana daskarewa a cikin jirgi, gwamnati tana biyan tarar jira. Kuɗi sun fi ƙarfin hannun da zai juya su. A 1975 kuɗin manyan ayyuka suka zarce na yau da kullum, a 1980 kuwa sun haura Naira miliyan dubu 10, watau kashi biyu cikin uku na duk abin da Gwamnatin Tarayya ta kashe.

A cikin wannan yalwa aka haifi Jihar Bauci, ran 3 ga Fabrairu 1976, kwana goma kafin a kashe Janar Murtala Muhammed. Kafin nan mutumin Azare mai neman sa hannun gwamna sai ya tafi Maiduguri. Shirin ba da ilmin firamare kyauta ya fara a watan Satumba na wannan shekara, azuzuwa suka tashi a ƙauyuka, aka rasa malamai, don haka a 1977 aka buɗe babbar kwalejin horon malamai a Azare, wadda a yau take ɗauke da sunan Aminu Saleh. Manyan masana'antu kuwa kudu da gabashin jihar suka nufa: kamfanin harhaɗa motoci da taraktoci na Steyr a Bauci, da na siminti a Ashaka.

Babban rabon da aka yi wa Katagum alkawari ruwa ne. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi, ya kori mutane da yawa daga ƙauyuka, kuma a cikin masu karanta wannan shafi akwai waɗanda iyayensu suka sauko Kudu a dalilinsa. Gwamnati ta ɗauki darasi cewa noman damina kaɗai ba zai riƙe Arewa ba. Kano ta gama madatsar Tiga a 1974 a zamanin Audu Baƙo. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Sa'an nan aka tsara madatsar Kafin Zaki a ƙasar Ningi, a saman kogin Jama'are, kogin da yake gangarowa ta Jama'are da Itas har tsohon garin Katagum kafin ya wuce ƙasar Yobe. Bisa tsarin, za ta tare ruwa mita miliyan 2,700 na murabba'in cika, ta shayar da hekta 120,000. Da an yi, da manomin kwarin Jama'are yana noma sau biyu a shekara.

Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba kamfanin Julius Berger kwangilar. To, a nan ne lokaci ya juya. An gina tsarin raya ƙasa na huɗu, na 1981 zuwa 1985, mai Naira miliyan dubu 82, a kan zaton cewa za a riƙa haƙo fiye da ganga miliyan 2 a rana, kuma farashi zai ci gaba da hawa. Tun a tsakiyar 1981 abin da ake haƙowa ya faɗo ƙasa da ganga miliyan ɗaya, saboda kasuwar duniya ta cika da mai. A watan Afrilu 1982 Shagari ya sa hannu a dokar tsuke bakin aljihu. Soja suka karɓe mulki a ranar ƙarshe ta 1983. A 1984 kuɗin manyan ayyuka sun koma kimanin Naira miliyan dubu 4, ƙasa da rabin na 1980, alhali kuɗin yau da kullum sun ƙaru. A wannan shekara aka soke kwangilar Kafin Zaki.

Labarin bai ƙare nan ba. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta maido da kwangilar a 1992, gwamnatin Janar Sani Abacha ta sake soke ta a 1994. Tun daga nan kusan kowane mai neman ƙuri'a a arewacin Bauci sai ya ambaci Kafin Zaki. Yaron da aka raɗa wa suna a shekarar da aka fara ba da kwangilar ya haura shekara 40, watakila ma yana Mile 12 yana sauke tumatir.

Adalci ne a faɗa cewa ba rashin kuɗi kaɗai ya tsayar da madatsar ba. Mutanen Yobe da Barno sun yi tsaye a kan cewa Tiga da madatsar Challawa, wadda aka gama a 1992, sun riga sun rage ruwan kogin Haɗeja, kuma kogin Jama'are shi ne ya rage yana kai wa fadamun Nguru da Gashuwa ruwa. In aka tare shi, masunta da makiyaya da manoman shinkafa na can ƙasa za su shiga uku. Masana da yawa sun goyi bayansu. Akwai kuma abin da ya faru a Bakolori a 1980, inda aka harbe manoman da suke neman diyyar gonakinsu. Waɗannan hujjoji ne masu nauyi. Laifin gwamnatoci shi ne sun ƙi yanke hukunci. Ba su gina ba, ba su fito sun ce an fasa ba, balle su ɗauki kuɗin su yi wa kwarin Jama'are wani abin da ya fi dacewa da shi. Aikin ya zama tuwon 'yan siyasa, ana ɗumama shi kowane zaɓe.

Abin mamaki, abin da ya amfani manomin fadama a waɗannan shekaru ƙaramin abu ne. A 1981 aka kafa shirin raya aikin gona na Jihar Bauci da rancen Bankin Duniya na dala miliyan 132, bayan gwajin da aka fara a Gombe da Funtuwa da Gusau a 1975, aka sa ofishin shiyyar arewa a Azare. Shirin ya yi hanyoyin karkara, da rijiyoyin burtsatse, da wuraren sayar da taki. A fadama kuwa ya yaɗa 'yar rijiya mai bututu da ƙaramin injin ban ruwa, wanda mutum zai ɗora a bayan keke ya kai gona. Tumatir da tattasai da albasar da ake lodi zuwa Kudu da rani, da yawansu da irin wannan inji ake shayar da su. Dalilin nasarar ba ɓoyayye ba ne: kuɗin sun zo da jadawalin da ba ya bin farashin mai na wata-wata, kuma da zarar inji ya shiga hannun manomi, shi zai kula da abinsa. Da rancen ya ƙare kuwa, hanyoyin karkarar da suka rage a wuyan gwamnati suka fara komawa burji.

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986, wanda talakawa suka fi sani da SAP, ya karya darajar Naira. A 1980 Naira ɗaya tana sayen kusan dala 2, a ƙarshen 1986 kuwa sai an haɗa fiye da Naira 3 kafin a sami dala ɗaya. Manyan ayyuka da kayan waje ake yin su, katafila, da ƙarfe, da injuna, saboda haka duk kwangilar da aka tsara da tsohon farashi ta mutu a tsaye. Daga nan aka daina tsarin shekara biyar. Gwamnatocin soja suka koma kafa hukumomi na musamman a gefen kasafi, DFRRI a zamanin Babangida, da PTF wadda Janar Muhammadu Buhari ya shugabanta a zamanin Abacha da rarar kuɗin ƙarin farashin fetur. PTF ta gyara hanyoyi da asibitoci da makarantu a Arewa, mutane suna tunawa da ita, amma an rushe ta a 1999 da canjin gwamnati. A ƙarshen shekarun 1990 kuɗin manyan ayyuka sun sake zarce na yau da kullum a takarda. Daga 2000 zuwa sama kuwa sai albashi da kuɗin tafiyar da hukumomi suka yi gaba.

Wannan shi ne abin da ya fi ba da takaici, domin mai ya sake yin daraja. An yafe wa Nijeriya bashin dala miliyan dubu 18 a 2005, gangar mai ta haura dala 140 a tsakiyar 2008, ta kuma zauna sama da dala 100 daga 2011 har tsakiyar 2014. Amma yalwar ta biyu ba ta tafi ga gini kamar ta farko ba. Jihohi sun zama 36, ƙananan hukumomi 774, ga majalisu, ga hukumomin Tarayya 541 da kwamitin Oronsaye ya ƙirga a 2012, ga tallafin man fetur. Kwamitin da Ibrahim Bunu ya shugabanta ya ba da rahoto a 2011 cewa akwai ayyukan Tarayya 11,886 da ba a gama ba. Hanyar Azare tana cikin wannan layi, kowace shekara a sa mata ɗan abin da ba zai kai ta ko'ina ba, 'yan kwangila su yi kilomita kaɗan su kwashe kaya. A 2015, bayan farashin mai ya sake faɗuwa, kuɗin manyan ayyuka ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka kashe ba, watau an koma inda aka tashi a 1970.

Abin da ya ƙarasa hanyar ba kasafi ba ne, bashi ne. A 2017 gwamnatin Buhari ta fara sayar da takardun lamuni na Sukuk, na Naira miliyan dubu 100 a karon farko, aka ɗaure kuɗin a kan hanyoyi 25 da aka ambata da suna, har da sassan Kano zuwa Maiduguri. Da yake ba a iya karkatar da su zuwa albashi, aiki ya tafi. Wannan ya yi kama da abin da ya faru da rancen 1981: kuɗin da aka killace suna isa wurin aiki, kuɗin da aka bari a tukunyar gayya kuwa cefane yake cinye su. Sai dai bashi yana da ranar biya. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 biyan bashi ya ci kashi 96 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya.

In aka duba abin da ya tsaya da ƙafarsa a ƙasar Katagum, za a ga iri ɗaya ne. Kwalejin malamai ta 1977. Babban asibitin Azare da Gwamnatin Tarayya ta karɓa ta mayar cibiyar lafiya ta Tarayya bayan dawowar mulkin farar hula. Jami'ar jiha da gwamnatin Malam Isa Yuguda ta kafa a Gaɗau, wadda yanzu ake kira da sunan Sa'adu Zungur. Jami'ar Tarayya ta kimiyyar lafiya da aka amince da kafa ta a Azare a 2021, lokacin da ɗan garin, Malam Adamu Adamu, yake Ministan Ilmi. Dukkansu ayyuka ne da ake iya farawa da gine-gine kaɗan, kuma da zarar an ɗauki ma'aikata sun tsallaka zuwa gidan albashi, gidan da ba a taɓawa. Alheri ne babba, babu mai musu. Masu gidajen haya da 'yan kasuwar Azare sun shaida, haka ma matar da a da sai an kai ta Kano kafin a yi mata aiki. Amma makaranta tana yaye ɗalibai, ba ita take ba su aikin yi ba. Ayyukan da za su riƙe matashi a gida, ruwan noman rani, da wutar lantarki mai ɗorewa, da masana'antar sarrafa amfanin gona, su ne masu bukatar kuɗi shekara goma a jere ba yankewa, kuma su ne suka fi mutuwa a hanya. Lokacin da Gwamnatin Ikko ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2022, da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa 'yan Arewa ne da ba su da abin da za su koma su tarar.

Mai karatu zai ji ana ambaton tiriliyoyi a rediyo ya zaci an fi dā kashe kuɗi. Kasafin 2025 ya kai Naira tiriliyan 54.99, aka ware kusan tiriliyan 24 domin manyan ayyuka, da fiye da tiriliyan 14 domin biyan bashi. A farashin Naira 1,500 kowace dala, wanda aka gina kasafin a kai, tiriliyan 24 dala miliyan dubu 16 ne. Naira miliyan dubu 10 na 1980 kuwa kimanin dala miliyan dubu 18 ne, a lokacin da dala ɗaya take sayen abin da dala uku ba za su saya yau ba, kuma jama'ar ƙasar ba su fi kashi ɗaya cikin uku na yanzu ba. Bugu da ƙari, na 1980 abin da aka kashe ne, na 2025 kuwa abin da aka rubuta. Tsakanin rubutawa da sakin kuɗi akwai rata mai faɗi, har ta kai an yi ta tsawaita wa'adin manyan ayyukan kasafin 2024 zuwa ƙarshen 2025.

Wannan ne ya sa neman Jihar Katagum bai taɓa mutuwa ba. Mutane sun ga Dutse da Damaturu bayan 1991, sun ga Gombe bayan 1996, sun ga yadda zama babban birnin jiha yake jawo kwalta da gine-gine. Hujjarsu tana da ƙarfi ta wannan fuska. Amma sabuwar jiha tana zuwa da gwamna, da majalisa, da kwamishinoni, da sakatariya, kuma duk daga kason Abuja za a ciyar da su, kamar yadda Bauci kanta take dogara da shi. Babban birni zai samu, ƙauyen bakin kogi a Zaki ko Gamawa kuwa ba lalle ba ne.

Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, kason da jihohi da ƙananan hukumomi suke karɓa a Naira ya ƙaru ƙwarai, kuma a watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Talaka ne ya biya wannan ƙari, a gidan mai da a tashar mota, kuma fasinjan Ikko zuwa Azare ya fi kowa sanin nawa ya biya. Ƙungiyoyin 'yan asalin Katagum da suke taro a Agege da Sabon Badun, waɗanda 'yan majalisa suke ziyarta in zaɓe ya ƙarato, suna da damar tambayar abin da aka saki daga baitulmali, ba abin da aka karanta a kasafi ba, da nawa aka ware domin gyaran magudanun ruwa a hanyar da aka buɗe a 2021, da kuma ko akwai ranar da za a zauna da mutanen Yobe a yanke magana a kan ruwan kogin Jama'are.